Shekarar da Aka Rubuta Wance

Bana ma ruwa ya gwada mana halinsa. An yi shuka a ruwan farko, hatsi ya fito har ya yi kunne biyu, sai sama ta ɗauke kamar ba ita ba. Ni yanzu a Birni nake zaune, gidan ɗiyata Balki, ba ni da gona ba ni da rumbu, amma wuyana bai san na bar ƙauye ba. Da la'asar ta yi sai in tsinci kaina a tsakar gida ina duban gabas. Jiya ina cikin wannan dubawar hadari ya taso ya yi baƙi ƙirin, iska ta kawo ƙamshin ƙasa daga inda aka yi ruwan da ba namu ba, sannan ya watse. A daidai nan wani cikin yaran da ke buga balo a bayan katanga ya busa ɗan ƙarfen nan nasu, firrr. Wallahi sai da na dafa turmi na zauna. Shekara ashirin da 'yan kai suka dawo suka tsaya a gabana.

Garinmu yana kudu da Dogo, a bakin kwari, inda goriba ta fi mutane yawa. Damanar da ta gabata ba ta bar mana komai ba, abin da fari ya rage fara ta gama da shi. Tun bazara ba ta yi tsakiya ba na shiga rumbu da kaina da tsintsiya, na fito da abin da bai cika ƙwarya ba, shi ma rabi ƙasa. Maigidan ya tsallaka Najeriya neman abin da za a ci, ya ce zai dawo kafin shuka. Aka yi shuka ba shi. Shukar ta fito, ruwa ya ɗauke, ta ƙone a idonmu cikin kwana ashirin.

Mu biyar muka rage a gidan: ni, da Inna uwar maigida, da 'ya'yana mata uku. Da an yi sallar asuba sai mu mata mu fita daji da ƙwarya a ka. Wadda ta riga ta samu yaɗiya, wadda ta makara ta tsinci tafasar da ta tsira a kwari. Kafin hantsi mun dawo, a dafa ganye, a barbaɗa dusa idan akwai. Anza kuwa sai an jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa, a hakan ma ɗacin ba ya fita duka, yana nan a maƙogwaro har ka kwanta. Da rana yara su zauna su yi ta gwaguyar goriba har haƙoransu su yi ja. Zafi kuwa ba a magana. Rairayi yana gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi, ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta, kaji suna buɗe baki a ƙarƙashin rumbun da ba komai a cikinsa.

Mutane suna cewa yunwa ciwo ce. Kwanakin farko ne take murɗa ciki. Idan ta daɗe sai ta zama wani irin barci da ido buɗe. Kana tafiya ba ka jin ƙafarka tana taɓa ƙasa, ana yi maka magana kana jinta kamar daga cikin rijiya. Nakan tsaya a bakin gona in ga ruwa yana sheƙi can nesa a kan rairayi, na san ba ruwa ba ne, amma in yi ta kallo don daɗin kallon. Garin duk ya yi shiru. Abin da ya fi ba ni tsoro, yara sun daina faɗa.

Cikin 'ya'yan nan uku, Balki da Ramatu ƙanana ne, ina kiransu ina zaginsu ina goya su. Babbar kuwa 'yar fari ce, shekararta goma sha ɗaya a lokacin. Kun san abin da hakan ke nufi, ko da yake 'yan yanzu sai an gaya musu. Ga Balki nan, a gabana take kiran ɗanta na fari da sunansa gatsal, har ta ɗaga shi ta sumbace shi ana ɗaukarsu hoto a waya. Ni dai ina kawar da kai. Mu a namu lokacin 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa, ba a kallonta idan da mutane. Tawa kuma abin ya zama biyu, don sunan Inna aka sa mata, sunan surukata. Tun da aka yaye ta a ɗakin Inna take kwana. Inna tana ce mata Takwara, gari ya ɗauka, ita kuma tana ce wa kakarta Inna, ni ta ce mini Yaya kamar wata 'yar uwarta. Ni ko Takwarar ban taɓa faɗa ba. Idan ina son ta sai in ce, "Ke!" Idan zan yi zancenta in ce waccan.

Wata Talata, ana tsakiyar wannan hali, farar mota ta shigo gari daga hanyar Damagaram, bayanta kamyo, babbar motar kaya, da buhuna. Mun zaci mutanen gwamnati ne. Ashe Kiristoci ne, masu majami'a a birni. Suka sauka ƙofar mai gari, mu mata muka lafe a bayan zana muna saurare. Abin da suka zo da shi ya ba mu dariya duk da halin da muke ciki. Wai za su share fili, yara su riƙa wasan balo kullum da la'asar, sannan a ba kowane yaro kunu.

Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Yo, yaro bai ci ba a ce ya yi gudu? Waɗannan kashe mana su suka zo yi."

Mai gari ya juya wajen liman ya ce, "Malam, me ka gani?"

Liman ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Su gaya mana gaskiya, me suke so a wajen 'ya'yanmu?"

Wata mace ce cikin baƙin ta amsa, ba namiji ba. Sunanta Rahila, Bahaushiya ce daga wajen Maradi, ɗaurin zanenta irin namu, hannunta kuma ka gani ka san ya san taɓarya. Ta durƙusa ta ce, "Allah gafarta Malam, mu mabiya Almasihu ne, ba mu ɓoye ba. Kafin mu fara aiki muna addu'armu, wanda ya tambaye mu dalili za mu gaya masa. Amma ba za a ce wa yaro sai ya faɗi wani abu kafin ya sha kunu ba. Wasan kuwa ba don gudu ba ne. Yaron da ya daina wasa, shi muke tsoro. A fili muke gane wanda jikinsa ya fara tafiya, mu kai shi likita a Mirriya tun da wuri."

Liman ya ce idan an kira salla a tsaya. Ta ce za a tsaya. Shi ke nan, aka yi fatiha, su ma suka sunkuyar da kai suka yi tasu.

Kashegari aka ce kowace uwa ta kawo 'ya'yanta a rubuta suna. Mai rubutun wani dogo ne da ake ce wa Mushe Pol, daga can ƙasashen bakin teku. Mutumin kirki, kullum cikin dariya, amma Hausarsa ta tasha ce, mace ya ce mata kai, namiji ya ce masa ke. Ya zauna a kan buhu da kaye, littafin rubuta sunaye, da bik ɗin rubutu. Rahila tana can nesa wajen tukwane tana nuna wa mata yadda ake dama garin kunun. Da tana kusa, da duk wannan labarin bai faru ba.

Layi ya zo kaina. Inna tana tsaye a bayana da sandarta, matan gari sun kewaye mu. Mushe ya nuna ƙaramar da bik.

Na ce, "Ramatu."

Ya nuna ta biyu.

"Balki."

Ya nuna babbar. Tana tsaye ta harɗe hannu a baya, ta ɗago ido tana kallona. Ban taɓa lura idonta ya yi girma haka ba sai ranar. Na dubi ƙasa, na ji numfashin Inna a ƙeyata. Na yi tsammanin wata cikin matan za ta faɗa mini, kamar yadda aka saba, amma kowa yunwa ta sa hankalinsa yana kan tukunya. Na nuna ta da haɓa na ce, "Wance dai."

Mushe ya sunkuya ya rubuta. Ya ɗago da fara'a ya ce, "Wance. Suna mai kyau!"

Mata suka kwashe da dariya, dariyar farko da na ji a garin cikin wata biyu. Ni ma na rufe baki da mayafi na yi. Shi ya zaci daɗin Hausarsa muke ji, ya taya mu. Yarinyar ba ta yi dariya ba, kuma ba ta gyara masa ba. Ta ci gaba da kallona har na baya suka tura mu gaba.

Samari suka share fili a bayan gari, suka kwashe ƙaya, suka kafa itacen goriba biyu nan biyu can. Maza suna buga balo da ƙafa, mata suna jifa da hannu a nasu gefen. Aka raba musu riguna masu lamba, rawaya da shuɗi, duk sun yi musu yawa har gwiwa. Kafin a fara ana ba kowa ruwa da ɗan sukari, wasan kuma ba ya daɗewa. Da Mushe ya busa ƙarfensa sai kowa ya zauna a layi, a buɗe kaye, a kira suna. Wanda ya amsa a miƙa masa kwano cike da kunun masara mai ruwan ɗorawa, da mai yana yawo a kai. Ƙamshinsa yana isa har rijiya.

Ba ya kamata a gan ni ina kallon 'yar fari, don haka na gano cewa tafasar da ke bayan filin ta fi ta ko'ina kyau. Ƙarya nake, babu ko ganye goma a wurin. Na tsuguna a bayan wata sabara da ƙwaryata ina leƙe. Rana ta karkata, hasken ya yi ja, ƙafafun yara kamar ba sa taɓa ƙasa. Balo fari fat ya tashi sama ya tsaya, ya tsaya, kamar ya manta hanyar saukowa. Sai ga wata rawayar riga ta yi tsalle ta cafe shi a iska, ta juya ta wurga tun kafin ta dira. Rahila ta yi guɗa. Ashe waccan ce. Ashe haka take da tsalle, haka take dariya har da jefa kai baya. Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya, ranar na fara ganin dariyarta sosai, kuma a ɓoye. Na ji wani daɗi ya cika mini ƙirji har na manta ban ci komai ba tun jiya.

Aka busa, aka zauna. Mushe ya yi ta kira ana amsawa. Ramatu, na'am. Balki, na'am. Sannan ya ɗaga murya.

"Wance!"

Filin ya fashe da dariya. Yara suka fara tafi suna rerawa, Wance 'yar Wane, Wance 'yar Wane. Ta tashi a hankali, ta cire rawayar rigar, ta ninke ta, ta ajiye a ƙasa. Ta bi ta gefen layi ta tafi gida, kwanonta yana hannun mai rabo.

Rahila ta gane abin nan take. Na ga ta dafe kai, ta je ta yi wa Mushe magana da Faransanci, ya buɗe baki, ya soke abin da ya rubuta. Ta tambayi Balki sunan gaskiya aka rubuta. Na ce a raina, to, an gama.

Ba a gama ba. Kashegari yarinyar ta je, ta yi wasa, aka kira sunan nata na gaskiya, ta yi kamar da bango ake. Ta ajiye riga ta tafi. Jibi haka, gata haka. Rahila ta biyo ta har gida da kwano a rufe, ta yi sallama, ta gaida Inna, ta zauna kusa da ita a bakin ɗaki.

"Ƙanwata, an gyara fa. Ga kaye, ki sa a karanta miki. Kuskure ne na baƙo."

Yarinyar ta ce, "Na sani, Madam. Ba ke kika ɓata ba, ba Mushe ba."

Ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta yi godiya, ta raba wa ƙannenta.

Kai, ranar na so in dake ta. Inna ta yi ta yi, da wasa da faɗa. "Takwara, so kike ki riga ni? Ni nake kan layi, ki jira." Ta yi murmushi ba ta ci ba. Ganyen gida tana taɓawa, loma biyu uku, amma kunun fili ko ɗanɗane. Wata rana na kasa haƙuri, na dire kwano a gabanta na ce, "Ke, ci!"

Ta ɗago ta ce, "Da wa kike, Yaya?"

Na ɗaga hannu. Ban san abin da ya riƙe shi a sama ba. Na juya na shiga ɗaki a fusace. Wai ni yarinyar nan za ta koya wa magana? Wace 'yar fari ce a garin nan uwarta ke kira? Ni ma 'yar fari ce. Uwata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana Habsu a bakinta ba, kuma ban mutu ba. Ina cikin wannan masifar a raina sai na tuna ranar da take jinyar ajali, ina ba ta ruwa, ta buɗe baki tana kallona. Na sunkuya na kasa kunne. Ta ce, "Ke, gyara mini matashi." Na gyara. Na daɗe ban tuna da abin da na sunkuya in ji ba, sai ranar.

Kwana goma, yarinyar ta daina wasan. Sai ta je ta zauna a kan tudu can gefen fili, gindin gawo, shi kuwa gawo da damina ko ganye ba ya da shi balle inuwa. Ta zauna ta rungume gwiwa tana kallo. Sauran yara kumatunsu sun fara dawowa, Balki da Ramatu har sun koma faɗa a kan ludayi. Ita kuwa gashinta ya fara ja, awarwaron da Inna ta ba ta yana zamewa daga hannu ya faɗi ba ta sani ba. Ni nake tsinta in ajiye mata a bakin ɗaki, ba tare da an gan ni ba.

Sai ruwa ya dawo. Wata Laraba da hantsi aka yi shi, irin wanda ba ya sallama. Muka fito tsakar gida muka tsaya a ciki, tsofaffi suna kuka, awakin da suka rage suna gudu. Ƙasa ta yi wani ƙamshi da har yau ban san abin da zan kwatanta shi da shi ba. Irinmu mun riga mun cinye, mutanen Rahila ne suka kawo na hatsi mai saurin nuna, mai gari ya raba gida gida. Da yake maza da yawa ba sa nan, aka ce a yi gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan. Har Mushe Pol ya tuɓe takalmi ya ɗauki sungumi, yana sara rami ɗaya nan ɗaya can kamar mai neman ɓera, tsofaffi suna yi masa tsiya yana cewa na gode.

Ranar gonarmu, ni nake sara, ita tana biye da ni da ƙoƙon iri tana zubawa tana rufewa da ƙafa. Ba na juyawa, amma ina jin takunta a bayana, shaf, shaf, a kan jiƙaƙƙen rairayi. Muka yi layi ɗaya, biyu, uku. A tsakiyar na huɗu na daina jin takun. Na ƙara sara biyu don kada a ce na juya da sauri. Da na juya, tana zaune a ƙasa, ƙoƙon yana cinyarta, ta riƙe shi sosai don kada irin ya zube. Idonta yana buɗe amma ba ni take gani ba.

Rahila ta iso da gudu. Ta kama ƙafar yarinyar ta danna da babban yatsa a kan idon sawu. Ta ɗage yatsan, gurbin ya zauna, bai taso ba. Ta ja ni gefe, wannan karon ba fara'a.

"Habsu, ƙafarta ta fara kumbura. Idan ba ta fara ci ba cikin kwana biyu, Mirriya za mu kai ta. Kuma ba duk wanda aka kai a wannan halin yake dawowa ba. Ni na yi iyakar yina. Na yi mata addu'a, na roƙe ta, na yi mata faɗa. Kin san abin da take jira."

Na ce, "Madam, sunan surukata ne."

Ta ce, "Na sani. Ni ma da suruka." Ta koma ta ɗauki yarinyar ta goya ta zuwa gida.

Kashegari Juma'a ce, ranar da ake ba tsofaffi nasu rabon, don haka duk gari yana fili, har liman da mai gari a kan tabarma. Inna tana zaune cikin tsofaffi mata da kwanonta. Ni ban tsaya a bayan sabara ba. Na zo na tsaya a bakin fili tsakar jama'a, Ramatu tana riƙe da zanena. Na duba tudu. Tana can gindin gawo, ban san yadda ta iya hawa ba. Sama ta wanke tas bayan ruwa, tudun ya fara yin kore kore, ita kuma ƙarama a kansa kamar an ajiye tulu an manta.

Aka gama wasa, aka busa, aka zauna. Rahila ce ta karɓi kaye ranar. Ta kira, ana amsawa. Da ta zo kan sunan, ta kira shi da ƙarfi tana fuskantar tudu. Shiru. Ta sake. Shiru. Ba ta wuce na gaba ba, ta tsaya da kayen a hannu, ba ta kuma dube ni ba, Allah ya saka mata.

Sunan nan tun ranar da maroƙi ya sanar da shi a ƙofar gida ina ɗaki da jego, yana cikin bakina. Na faɗe shi a zuci sau nawa, ina daka, ina jan ruwa, ina kallon ƙeyarta. Amma harshena bai san yadda ake ɗaga shi ba. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Na ji kunya ta rufe ni tun daga ka har ƙafa, na ga liman, na ga matan da za su yi ta zancena har in mutu. Na ga kuma gurbin yatsan nan a ƙafarta. To, ga shi zan faɗa muku, karo na biyu ke nan a rayuwata. Na cika ƙirji na ƙwala.

"Salamatu!"

"Na'am!"

Ba daga tudu amsar ta fito ba. Daga cikin tsofaffi ta fito. Inna ce, ta amsa kafin ta san ta amsa, har ta yunƙura za ta tashi. Wasu suka fara dariya, dariyar ta mutu a hanya. Na so ƙasa ta tsage. Inna ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

Ta ce, "Tun da maigidana ya rasu ba wanda ya kira ni haka. Ashe ba da ni ake ba." Sannan ta dogara sanda ta miƙe, ta juya wajen tudu, ta ɗaga muryar da ban san tana da sauranta ba. "Takwara! Kurma ce ke? Uwarki na kira!"

Uwarki. Ba a taɓa ce mata haka a kaina ba.

Can a kan tudu abin nan ƙarami ya motsa. Ta dafa gawo ta tashi. Ta fara saukowa a hankali, tana tsayawa tana hutawa, ba wanda ya je ya tarye ta. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, ni dai na ga kamar tudun ne yake kawo ta. Yara suka buɗe mata hanya. Ta wuce Rahila, ta wuce mai rabo, ta zo ta tsaya a gabana har ina jin numfashinta.

Ta ce, "Na'am."

Rahila ta miƙo mini kwano, ba ita ta miƙa wa ba. Na karɓa. Na durƙusa a gaban duk garin na ba ta. Ta zauna a ƙasa, ta riƙe da hannu biyu, ta kai baki, ta kurɓa sau ɗaya. Ta rufe ido. Ta buɗe ta dube ni ta saman kwanon, man yana sheƙi a leɓenta.

"Yaya, sake faɗa."

Na goge ido da bakin mayafi na ce, "Ke, sha kununki kafin ya huce."

Ta yi dariyar nan tata, har da jefa kai baya, wannan karon a gabana. Ta shanye tas, ta bi kwanon da yatsa ta suɗe. Sannan ta juya ta miƙa shi sama.

"Madam, da saura?"